Littafin Tukunya

Ranar da aka zaɓe ni magatakardar Zumunta
na zaci kujera za a ba ni da alƙalami mai kyau.
Sai Ngo Kangyang ta ja hannuna bayan majami'a,
ɗakin ajiya mai warin kananzir da jiƙaƙƙen itace,
ta yaye buhu, ta ce, "Ga aikinki nan."

Tukunya ce.
Mudu arba'in take haɗiyewa ba ta yi gyatsa ba.
Gindinta baƙi kamar dutsen Shere bayan ruwan sama.
Kunne ɗaya nata ne na haihuwa,
ɗayan wani maƙeri a Dilimi ya liƙa mata,
har yau a karkace take sauraron duniya.

Akwai littafi a cikinta, bangonsa ya sha manja.
Na buɗe.

Gidan Dachung, suna. An dawo da ita da sabulu biyu.
Gidan Nanret, biki. An makara, an ba da haƙuri.
Gidan Malam Istifanus, rasuwa.
Layi huɗu a ƙasa,
gidan Malam Istifanus, rasuwa.
A nan rubutun ya yi rawa.

Gidan Hajiya Talle mai waina, tsallaken kwata, walima.
Na ce, "Ngo, wannan ai ba 'yar ikkilisiya ba ce."
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Ita tukunyar yaushe aka yi mata baftisma?"

Akwai shafin da ba shi da suna ko ɗaya,
makon da aka hana fita, mutane suka kwana kan benci.
Lissafin bakuna kawai: tamanin da uku, ɗari da shida.
Laraba, acha ta ƙare.
Alhamis, an tsinci buhun dankali a bakin ƙofa,
ba a san mai shi ba, ba a kuma bincika ba.

Doka ɗaya ce, ba a rubuta ta ba:
ba a mayar da ita wayam.
Ko albasa uku, ko ƙullin gishiri.

Ba zan yi ƙarya ba, na sha gunaguni.
Asubahin Jos ba ya tausayin mai wanke-wanke,
yatsuna sun tsage, bayana ya koyi ƙara.
Mama Rifkatu da Saraya sun yi wata guda ba gaisuwa
a kan wa ta zuba gishiri sau biyu,
amma ranar da aka sallamo mijin Saraya daga Jankwano
su biyun suka kama kunnuwanta zuwa Keke,
kowacce tana kallon gefe.

A watan takwas, cikin yayyafin da ba ya ɗaukewa,
na rubuta: Gidan Ngo Kangyang.
Alƙalamin ya tsaya a nan. Ban cike layin ba.

Sau uku muka ɗora gwate, sau uku aka kankare.
Daga Kabong suka zo, daga Tudun Wada, daga inda ban sani ba,
kowa da labarin ranar da ya ci daga hannunta.
Hajiya Talle ta aiko da itace amalanke guda,
ta zo da kanta ta zauna bakin murhu tana iza wuta,
ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta.

Da jikarta ta dawo da tukunyar, na ɗaga murfi.
Muciyarta ce a ciki, wadda ta goge a wajen riƙo,
naɗe da tsohon zanen Zumunta.
Yarinyar ta ce, "Ita ta ce a sa."

Ina riƙe da ita aka ƙwanƙwasa ƙofa.
Wani saurayi, baƙo, takalminsa duk taɓo,
matarsa ta haifi tagwaye, danginsu suna nesa,
an ce masa ya tambaya a nan.

Tukunyar ko bushewa ba ta yi ba.
Na juya shafi, na ce, "Yaya sunanka?"